Allura Mai Cin Murya

Daren Alhamis a St. Louis,
a bayan shagon gyaran agogo na Thaddeus Oglesby,
mukan taru mu biyar, ko huɗu
in gwiwar Leopold ta ƙi matakala.
Agogo talatin a bango, babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya.
Mu ma haka.

Zawarcin matattu muke yi:
matan da suka tsaya gaban ƙahon ɗaukar murya
shekara ɗari da suka wuce,
da hula mai gashin tsuntsu da takalmin aro,
aka ba su dala sha biyar da kuɗin jirgin ƙasa,
aka ce su sa hannu a nan.
Mun haddace lambar kowane faifai,
mun san wa ya busa kakaki a bayan wa,
amma kabarin ko ɗayarsu ba mu san hanyarsa ba.

Akwai wadda ta fi tsaya mana a rai, Arzella Mabry.
Waƙa biyu, gaba da baya, iyakar gadonta ke nan.
Babu hoto. Leopold ya rantse doguwa ce,
Corinne ta ce gajera mai faɗin ƙirji,
shekara tara suna wannan musu.
Thaddeus ya tsinci faifan a ƙarƙashin keken ɗinki
a gidan wani mamaci can bakin kogi,
magada na sauri su kulle ƙofa.
Rabin dala.
Iya saninmu ba shi da ɗan'uwa a duniya.

To ga inda gizo ke saƙar:
allurar ƙarfe ba ta karanta murya sai ta ci.
Kowane juyi, baƙar ƙura a bakinta,
ƙurar nan kuwa Arzella ce.
Shi ya sa ya naɗe faifan a ƙyallen ulu ya ɓoye,
kwafi muke saurare a na'ura,
kamar mai ƙishi yana lasar hoton rijiya.

Jiya ya cire madubin gyara daga idonsa,
ya ce likita ya ba kunnensa na hagu shekara guda,
na dama kuwa tuni ya yi sallama.
Ya jawo garmaho, ya shiga murza hannu.
Leopold ya miƙe da ƙyar:
"Ka manta nawa mutumin Osaka ya taya?"
"Ban manta ba. Zauna."

Da farko ƙarar mai a kasko,
sai fiyano ya leƙo kamar baƙo mai kunya,
sannan ita.
Ba zaƙi ba ne. Murya ce mai tsakuwa,
mai ƙaurin hayaƙin tashar jirgi,
tana jan kalma kamar guga daga rijiya mai zurfi,
tana cewa mutumin ya tafi da rigar sanyinta
ya bar mata bashin haya.
A baiti na biyu ta makara da rabin numfashi,
mai kakaki ya dakata mata,
ta yi wata 'yar dariya ta hanci
wadda muka ji sau ɗari a kwafi
muna ɗauka tsagewar faifai ce.

Corinne, da ta binne maza biyu ba mu ga hawayenta ba,
ta juya tana gyara wa wani agogo zama a bango.

Minti uku ba daƙiƙa goma.
Allura ta kai tsakiya tana shara, tana shara.
Thaddeus ya ɗaga ta, ya shafi bakinta da babban yatsa,
ya daɗe yana duban baƙin da ya manne masa.
Bai goge a wando ba.

A waje dusar ƙanƙara ta binne motata.
Agogunan suka soma buga sha ɗaya, kowa da ra'ayinsa.
Ya ce, "Saura ɗaya gefen."
Babu wanda ya tashi neman hularsa.